Littafi a hagu, linzami a dama: yadda ake koyon gyaran hoto daga littafin jagora

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar gyaran hoto irin Photoshop ko GIMP karon farko ya san faɗuwar gaban nan. Kayan aiki jere a gefen hagu, ƙananan tagogi cunkushe a dama, a sama kuma menu bayan menu, alhali abin da ya kawo ka bai wuce ka ɗan haskaka fuskar da ta yi duhu a hoto ba. Daga nan yawancin mutane sai su garzaya wajen bidiyo. A kalli wannan, a kalli wancan. Bayan wata uku mutum ya iya sa harafi ya yi kamar yana ci da wuta, ya iya canza launin riga, amma ka ce ya shirya hoto ɗaya da za a buga a takarda, sai ka ji ana inda-inda. Dabarun ya tsinto su ne ɗai-ɗai, babu zaren da ya haɗa su.

Wannan zaren shi ne amfanin littafin jagora da aka rubuta da kyau. Marubucin ya riga ya zauna ya tsara abin da ya kamata ka sani yau domin ka gane na gobe. Sai dai irin wannan littafi ba a karanta shi a kishingiɗe kamar na labari. Da hannu ake karanta shi, manhaja a buɗe, kana dannawa kana kuskure.

Mataki na farko: tsayar da manhaja, sannan ka nemo mata littafi

Kada ka sayi littafi tukuna sai ka san manhajar da za ta zauna a kwamfutarka. Photoshop ta kamfanin Adobe ce, 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙiro ta, ta fito kasuwa a 1990, kuma tun 2013 ba a sayar da sabuwarta sayen dindindin, kuɗin haya ake biya wata-wata ko shekara-shekara. GIMP kyauta ce, ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995. Akwai Affinity, akwai Krita wadda ta fi karkata ga masu zane, akwai kuma Photopea da ke aiki a cikin burauza, wadda fasalinta ya yi kama da na Photoshop sosai. Kowacce ka ɗauka za ta koya maka tushen aikin. Abin da zai ɓata maka lokaci shi ne ka riƙa tsalle tsakaninsu a watan farko.

Da ka tsayar da ɗaya, buɗe ta, shiga menu na Help ka duba lambar sigar da kake da ita, ka rubuta. Da wannan lamba za ka auna littafin. Mutane suna raina wannan batu, amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ga misali: a tsohuwar Photoshop, idan ka danna Ctrl da Z sau biyu, na farko zai janye kuskurenka, na biyu ya dawo da shi. Daga sigar da ta fito a ƙarshen 2018 ne Ctrl da Z ya koma ja da baya mataki bayan mataki. A wannan sigar dai aka juya aikin maɓallin Shift wajen ƙara girman hoto: da can sai ka riƙe shi hoton ba zai karkace ba, yanzu kuwa riƙe shin ne ke sa tsawo da faɗi su rabu. Wanda ke bin tsohon littafi da sabuwar manhaja zai yi ta ganin fuskoki suna miƙewa, ya ɗauka hannunsa ne da matsala. Haka GIMP: siga ta 2.10 ta fito a 2018, ta 3.0 a watan Maris na 2025, kuma akwai abubuwan da suka sauya hali a tsakani.

Ba lallai sai littafin ya dace da sigarka ƙeƙe-da-ƙeƙe ba. Idan tazarar shekara biyu ko uku ce, yawancin darussan za su yi aiki. Abin da nake dubawa kafin in amince da littafi shi ne wannan. Na ɗaya, yana zuwa da hotunan gwaji da za a sauke, domin ka yi aiki a kan ainihin hoton da marubucin ya yi aiki a kai? Na biyu, hotunan da ke ciki masu launi ne, kuma an buga su yadda za ka iya karanta lambobin da ke cikin tagogin? Littafin gyaran launi da aka buga baƙi da fari rabin littafi ne. Na uku, wanda ya fi duka: buɗe tsakiyarsa ka karanta darasi ɗaya. Idan ya ce "sa 2.5 a nan" ya wuce, ajiye shi. Idan ya ce sa 2.5, ya gaya maka dalili, ya kuma faɗi abin da zai faru in ka sa 10, to ka samu malami. A ƙarshe leƙa bayansa ka ga ko yana da fihirisa mai kauri, don bayan ka gama darussa ta nan za ka riƙa shiga littafin shekara da shekaru.

Mataki na biyu: shirya wurin aiki

Littafi a gefe ɗaya, a buɗe, da wani abu mai nauyi a kai don kada shafi ya riƙa rufewa. Idan na lantarki ne, sa shi a waya ko wani allo dabam, kada ka riƙa sauya taga tsakanin littafi da manhaja, hankali yana tsinkewa. Ka nemi linzamin kwamfuta, wato mouse, na gaske, don shafa yatsa a kan laftof ba ya kewaye gefen kunne da kyau. Sai ƙaramin littafin rubutu da biro.

A cikin kwamfuta buɗe folda uku: ɗaya ta asali, ɗaya ta aiki, ɗaya ta abin da aka gama. Hotunan gwajin da suka zo da littafin su shiga ta asali, kuma daga yau dokarka ita ce ba a taɓa abin da ke cikinta, kwafi ake ɗauka. Ni da kaina sai da na ƙone hannu kafin na riƙe wannan doka. Na taɓa rage wani hoton iyali zuwa faɗin fiksel 800, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, don in tura wa wani, na danna Ctrl da S bisa sabo, na rufe. Babban hoton ya tafi ke nan, kuma babu wani kwafi a ko'ina. Har yau idan na buɗe shi na ga fuskokin sun zama ƙananan murabba'ai sai raina ya sosu.

Abu na ƙarshe, mayar da fuskar manhajar yadda take a littafin. A Photoshop akwai Workspace a ƙarƙashin menu na Window, inda za ka zaɓi Essentials ka kuma mayar da shi yadda ya zo. A GIMP duba menu na Windows ka tabbatar an kunna yanayin taga ɗaya. Kuma ka san wannan tun yanzu: idan ka ga duk kayan aiki sun ɓace lokaci ɗaya, maɓallin Tab ka taɓa. Sake danna shi za su dawo.

Mataki na uku: kowane babi sau uku

Nan ne ainihin hanyar. Sauran duk shiri ne.

Kafin ka taɓa linzami, karanta babin daga farko zuwa ƙarshe da sauri, ka dubi hoton farko da na ƙarshe, ka san inda za a je. Wanda ya san inda za a sauka ba ya ruɗewa a mararraba.

Zagaye na farko, bi littafin sau da ƙafa. Hotonsa, lambobinsa, jerin matakansa. Kada ka yi wayo, ko da ka ga kamar ka san wata hanya mafi sauƙi, domin sau da yawa marubucin ya bi doguwar hanya ne da gangan don ka ga wani abu. Bayan kowane mataki ɗaga kai ka gwada abin da ke allonka da hoton da ke shafin. In sun bambanta, tsaya nan. Kada ka ce bari in ci gaba wataƙila zai gyaru a gaba. Kuskuren mataki na 4 da aka kai shi mataki na 15 ya riga ya haifi 'ya'ya, gano shi sai an sha wuya.

Zagaye na biyu, rufe littafin. Ɗauko sabon kwafin hoton nan ka sake yin aikin da ka. Za ka tsaya cak a wani wuri, babu makawa, kuma wannan tsayawar ita ce riba: ta nuna maka daidai inda ka kwaikwaya ba tare da ka gane ba. Yi ƙoƙarin tunawa na minti biyu kafin ka leƙa. In ka leƙa, rubuta abin a littafin rubutunka da kalmominka, ba na marubucin ba. "Kafin in goge, in duba wace leya nake kai" ya fi amfani gare ka fiye da kwafe sakin layi guda. Leya kuwa hawa ne daga cikin hawa-hawan da ake jera hoto a kansu, za mu zo kanta a mataki na biyar.

Zagaye na uku, ɗauko hotonka, wanda ka ɗauka da wayarka. A nan za ka gane cewa hotunan littafi an zaɓe su ne don darasin ya yi kyau: haske mai tsabta, bango mai launi ɗaya. Naka kuwa akwai inuwa, akwai dishi-dishi, kuma lambar da ta yi aiki a littafi a nan ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Sai ka fara motsa ta kana kallo. Ja ta har ƙarshe ka ga ɓarnar da take yi, dawo da ita sifili, sannan ka nemi tsakiya. Ba za ka san abin da wani maɓalli yake yi ba sai ka ga ya wuce gona da iri.

Babi ɗaya a zama ɗaya ya isa, wani ma sai an raba shi biyu. Minti 40 kullum ya fi awa shida a rana ɗaya sannan a yi mako biyu ba a leƙa ba, don hannu ne ke koyo, hannu kuwa da maimaici yake riƙewa. A kowane babi ɗauki maɓallan yanke biyu ko uku ka tilasta wa kanka amfani da su. A Photoshop, B burushi ne, Ctrl da J kwafin leya, riƙe dogon maɓallin tazara kuma yana ba ka damar jan hoto gefe zuwa gefe. Masu Mac su sa Command a madadin Ctrl. Kuma ga dalilin da ya sa na ce kada a yi tsalle tsakanin manhajoji: Ctrl da D a Photoshop yana sakin abin da ka kewaye, a GIMP kuwa kwafin hoton gaba ɗaya yake buɗe maka. Ctrl da E a Photoshop yana narkar da leya cikin ta ƙasanta, a GIMP fitar da fayil yake yi.

Mataki na huɗu: babin da kowa ke tsallakewa

Kusan kowane littafi mai kyau yana da babi a farko-farko kan fiksel, girma da launi. Babu hoto mai ban sha'awa a cikinsa, sai lissafi, shi ya sa ake tsallake shi. Kada ka tsallake.

Hoto a kwamfuta ɗigogi ne a jere, kowane ɗigo shi ne fiksel. Matsa cikin hoto har kashi 1600 cikin ɗari ka gan su da idonka, murabba'i kusa da murabba'i, kowanne da launi ɗaya tak. Launin nan lambobi uku ne: ja, kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255 a hoto na yau da kullum. Uku duka a 0 baƙi ne, uku duka a 255 fari ne, in suka zo daidai da juna a tsakiya sai ruwan toka. Idan ka ninka 256 da 256, ka sake ninkawa da 256, za ka samu launuka 16,777,216. Duk gyaran da za ka yi nan gaba, komai sunansa, sauya waɗannan lambobin ne kawai. Wanda ya riƙe wannan ba zai ƙara kallon manhajar kamar tsafi ba.

Daga nan sai girma. Hoton kyamara mai megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, yakan zo da 4000 a faɗi, 3000 a tsawo. Masu buga hoto mai kyau sun saba neman fiksel 300 a kowane inci, inci kuwa santimita 2.54 ne. Raba 4000 da 300, raba 3000 da 300, ka mayar da incin santimita: hoton zai fito tsaf a kusan santimita 34 da 25. Takardar A4 cike tana son 2480 da 3508. Yi wannan lissafin da biro sau biyu ko uku da hotunanka. A allon waya ko kwamfuta kuwa lambar nan ta inci ba ta da tasiri, yawan fiksel kaɗai ake gani.

A tagar sauya girma akwai bambanci tsakanin sauya lambar inci da sauya yawan fiksel. Na farko bai taɓa hoton ba. Na biyu ko dai ya zubar da fiksel, ko ya ƙirƙiro waɗanda babu ta hanyar kintace. Ragewa ba ta da laifi in dai da kwafi kake aiki. Ƙarawa ce ke sa hoto ya yi laushi kamar an shafa masa mai.

Mataki na biyar: leya da mayafi, a nan za ka daɗe

Idan littafinka babi 15 ne, babin leya da na abin da zai kira mask, wanda ni nake ce wa mayafi, sun cancanci kashi ɗaya cikin uku na lokacinka. Photoshop ma ba ta zo da leya ba sai a siga ta 3.0 a 1994. Kafin nan duk abin da mutum ya shafa a hoto ya zauna ke nan.

Ka ɗauki leyoyi kamar gilasai da aka jera ɗaya bisa ɗaya, kana kallo daga sama. Hoton asali yana ƙasa. Rubutu yana kan gilashinsa, gyaran haske yana kan nasa. Inda gilashi babu komai, na ƙasa ake gani, kuma manhaja tana nuna wannan wofin da ƙananan murabba'ai fari da toka. Kana iya ɗage ɗaya, ka rage ƙarfinsa, ka sauya masa wuri, sauran ba su san ana yi ba. Sa wa kowace leya suna tun lokacin da ka buɗe ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ranar da ka buɗe aikin da ya kwana biyu ka tarar da leya 23 duk babu suna, za ka tuna da wannan magana.

Mayafi kuma takarda ce da ake liƙa wa leya, wadda ba ta san kowane launi ba sai fari, baƙi da toka. Inda ka shafa fari, leyar tana bayyana. Inda ka shafa baƙi, tana ɓuya. Toka rabi-da-rabi. Ba a goge komai ba, an dai lulluɓe. Shi ya sa wanda ya iya mayafi ba ya ƙara waiwayar magogi.

Bari mu yi aiki ɗaya tare, irin wanda za ka tarar a yawancin littattafai. Hoton mutum ne a tsaye gaban taga: waje ya yi haske daidai, fuska ta yi duhu. In ka ƙara wa hoton haske gaba ɗaya, fuska za ta fito amma tagar za ta ƙone ta zama fari fat, duk lambobinta sun kai 255, babu abin da za a ceto.

A Photoshop, buɗe leyar gyara ta Curves. Za ka ga layi a karkace daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama, da wani tudu-tudu a bayansa. Tudun nan shi ne histogiram: hagu duhu, dama haske, tsayinsa kuma yawan fiksel da ke wurin. A wannan hoton za ka ga tudu biyu, ɗaya a can hagu wato fuska da ɗaki, ɗaya a can dama wato taga. Kama layin a ƙasa da tsakiya kaɗan ka ɗaga shi sama, idonka a kan fuska kawai, ka manta da tagar. Da fuska ta yi yadda kake so, tsaya. Leyar gyara tana zuwa da farin mayafinta. Danna shi, ka danna Ctrl da I: zai koma baƙi, gyaran ya ɓace, hoton ya dawo duhunsa. Kada ka tsorata. Ɗauki burushi mai laushin baki, launi fari, rage ƙarfinsa zuwa kamar kashi 30, ka fara shafa fuskar a hankali. Haske zai riƙa fitowa a inda ka shafa kaɗai, kamar kana goge ƙura daga madubi. In ka zarce kan bango, danna X, fari da baƙi za su yi musaya, ka shafe wurin da baƙi, ka sake danna X ka ci gaba.

A GIMP hanyar da ke aiki a kowace siga ita ce ka kwafi leyar da Ctrl, Shift da D, ka yi Curves a kan kwafin daga menu na Colors, ka ƙara masa baƙin mayafi, sannan ka shafa fari. Sakamakon ɗaya ne.

Da ka gama, danna ɗan idon da ke gefen leyar, kashe, kunna, kashe, kunna. Sau tara cikin goma za ka ga ka yi yawa, fuskar tana ƙyalli kamar an haska ta da tocila. Rage ƙarfin leyar zuwa 60 ko 70. Ido yana sabawa da abin da ya daɗe yana kallo, don haka tashi ka ɗan zaga minti biyar ka dawo kafin ka yanke hukunci.

Maimaita wannan da hotuna biyar daban-daban kafin ka buɗe babi na gaba. Cire mutum daga bango, haɗa hotuna biyu, canza launin sama, gyaran fata, duk wannan aikin ne a cikin wata riga.

Idan littafi ya ce kaza, allo ya ce a'a

Zai faru, kuma yawanci dalilin bai wuce 'yan abubuwa ba. Burushi ya ƙi shafawa? Duba wace leya ce a zaɓe, kuma hoton ka danna ko mayafinsa. Duba ko akwai wani ɗan wuri da ka kewaye ka manta, layin nan mai motsi kamar jerin gwano, don muddin yana nan manhaja ba za ta yi aiki a wajensa ba, ko da ƙanƙantarsa ta kai ba ka ganinsa. Duba ƙarfin burushin, wataƙila yana kan kashi 1 tun aikin jiya. Duba ko leyar a kulle take. Idan da'irar burushi ta koma ɗan gicciye a Photoshop, Caps Lock ne a kunne. A GIMP, idan ka goge sai ka ga launi ya fito maimakon wofi, leyar ba ta da abin da ake kira alfa: shiga Layer, Transparency, ka ƙara mata. Kayan kwafar wani sashe zuwa wani ba ya aiki sai ka nuna masa inda zai ɗebo, da Alt da dannawa a Photoshop, da Ctrl da dannawa a GIMP.

In kuma umarnin ne ka rasa don an sauya masa mazauni a sabuwar siga, kada ka bi menu ɗaya-ɗaya. Ctrl da F a Photoshop, ko maɓallin / a GIMP, yana buɗe wurin bincike, ka rubuta sunan ya fito. Da ka same shi, rubuta sabon wurin a gefen shafin da biro. Littafin jagora da ya gama aiki tsaf babu ko ɗigon tawada, ba a yi karatu da shi ba.

Babin filta, wato masu mayar da hoto kamar zanen fenti ko su murɗe shi, yi masa yamma ɗaya ka yi wasa ka wuce. Biyu kawai za ka riƙa komawa gare su: Gaussian Blur mai dusashewa da Unsharp Mask mai ƙara kaifi. Kaifin kuma a ƙarshen aiki ake sa shi, bayan an rage girma, kana kallon hoton a kashi 100.

Mataki na ƙarshe: adanawa dabam, fitarwa dabam

Fayil ɗin aikinka, mai leyoyi da mayafai, ana adana shi a tsarin manhajar: PSD a Photoshop, XCF a GIMP. Shi ke zama a foldar aiki. Wanda za ka tura wa mutane kuwa fitar da shi ake yi. GIMP tun siga ta 2.8 a 2012 ta raba su gida biyu, Save ba ya ba ka komai sai XCF, sauran sai ta Export. Sababbi suna jin haushin wannan, ni kuwa ina ganin gata ta yi musu.

JPEG, tsarin fayil ɗin hoto da aka tsayar a 1992, yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanan hoton, yana aiki da gungu-gungu na fiksel 8 da 8. Duk lokacin da ka buɗe, ka gyara, ka sake adanawa, an ƙara zubarwa. Gwada da kanka: fitar da hoto ɗaya a inganci mafi ƙasa, matsa ciki kusa da gefen harafi ko gashi, za ka ga gungun nan ƙuru-ƙuru. Ga hoton kyamara, inganci tsakanin 80 da 90 cikin 100 yakan wadatar. PNG ba ya zubar da komai kuma yana riƙe wofi, shi ya sa ya dace da tambari, rubutu da hoton da aka cire wa bango, sai dai yana da nauyi ga hoton kyamara. JPEG ba ya riƙe wofi ko kaɗan, zai cike wurin da launi. Abin da za a kalla a allo a fitar da shi a tsarin launi na sRGB, in ba haka ba launin da ka sha wuya a kansa zai iya fitowa a kwance a wayar wani. Idan bugawa za a yi, tambayi mai bugawa girman da tsarin launin da yake so kafin ka fara, ba bayan ka gama ba.

Da ka kai shafin ƙarshe, ba wa kanka aikin da babu shi a littafin: hoto ɗaya daga wayarka, ka miƙar da shi in ya karkace, ka yanke gefuna, ka daidaita haske da leyar gyara, ka cire abu ɗaya da bai kamata ya fito ba, ka sa rubutu a leyarsa, sannan ka fitar da shi gida biyu, ɗaya mai faɗin fiksel 1080 don waya, ɗaya na bugawa a santimita 10 da 15, wato kusan fiksel 1200 da 1800. Littafin yana gefe a rufe, fihirisa kaɗai aka yarda ka buɗe. Tura na farko zuwa wayarka ka duba shi a can, na biyu kuma a buga maka shi a takarda, ka riƙe shi kusa da allo ka gwada. Yawanci na takarda zai fi duhu, domin allo haske yake fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya sauka a kanta. Koma fayil ɗin aikinka, leyar Curves tana nan yadda ka bar ta, ɗaga layin kaɗan, ka sake fitarwa.